Haihuwar Ɗaya ga Janairu: 'Ya'yan Hausawa a Gaɓar Shuɗin Nilu

Wanda ya taɓa buɗe rajistar makaranta a karkarar Sudan ya san abin da zan faɗa. Ka bi sunayen yara daga sama har ƙasa, sai ka tarar da yawansu rana ɗaya aka rubuta musu ta haihuwa: 1 ga Janairu. Dalilin sananne ne. Yaron da aka haifa a ɗaka, a hannun ungozoma, ba a kai labarinsa ofis ba, idan ya tasa buƙatar takarda ta taso sai a kai shi gaban likitocin gwamnati. Su dubi haƙoransa da tsayinsa, su ƙiyasta shekarunsa, su ba shi takardar da ake kira tasnin. Shekara kaɗai suke iya cinka. Rana da wata kuwa, sai a cike gurbinsu da farkon shekara.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta Sudan ta yi tare da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, a 2014 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 67 ne aka yi wa rajistar haihuwa. Ɗaya cikin uku ke nan ba ya cikin littafin kowa, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Ga yawancin mutanen ƙasar, wannan giɓi ne da ake cikewa da 'yar wahala da zirga-zirga. Ga ɗan Bahaushe kuwa, rashin takardar haihuwa ƙofa ce da ke buɗe wa wata tambaya mai nauyi, wadda aka yi wa ubansa, aka yi wa kakansa: kai ɗan ina ne?

Suki gari ne a jihar Sinnar, a gaɓar gabas ta Shuɗin Nilu, kogin da mutanen can ke kira Nil Azrak. Tsohon layin dogo da ya taso daga Kasala ya bi ta Gadarif ta nan yake ratsawa kafin ya haura madatsar ruwa ta Sinnar. Bakin kogin lambuna ne na mangwaro da ayaba, bayansu kuma filin noman rani da gwamnati ta buɗe a farkon shekarun 1970, inda injuna ke ɗaga ruwa daga kogi zuwa gonakin auduga da gyaɗa da dawa. Daga nan har Rusairis ta kudu, har cikin Jazira ta arewa, akwai ƙauyuka da unguwanni da za ka shiga ka ji ana sallama da Hausa, ana kiran yaro da Hausa, ana yi masa faɗa da Hausa. Masunta ne, manoman bakin kogi ne da ke bin ƙasar da ruwa ya janye ya bari, 'yan ƙwadago ne, mahauta ne. Tsiren da duk Sudan ke ci da yamma sunansa agashe, kuma kowane Bahaushe ya ji kalmar ya san daga bakin wa ta fito.

Hanyar da ba ta ƙare ba

Tun ƙarnuka da suka wuce mutanen ƙasar Hausa da Barno ke ratsa Sudan da ƙafa zuwa Makka, wasu su kai, wasu guzuri ya ƙare su tsaya neman na gaba. Babbar hijira ta zo ne bayan 27 ga Yulin 1903, ranar da sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka yi shekaru a hanya, daga ƙarshe suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa, yake kuma da sarkinsa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, Turawan mulki suna neman hannuwan da za su yi shema da cirar auduga, sai suka buɗe wa mutanen yamma ƙofa. Aka yi ta zuwa. 'Yan ƙasa suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka kira su da suna ɗaya, Fallata, wani lokaci Takari.

Masanin nan ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna cikinsu a Jazira, kuma a littafinsa na 1995 ya kira su mahajjatan dindindin. Ya tarar da mutanen da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka. Akwai daraja a wannan tunani, shi ya riƙe musu harshe da addini da zumunci har tsawon ƙarni. Yana da kuma tsada, kuma yara ne suka biya. Wanda yake ganin gobe zai ɗaura kaya ba ya bin layin ofis don yi wa jariri takarda, ba ya kuma ɗokin kai ɗansa makarantar gwamnati. Haka aka yi ta haihuwa, ana yanka rago ran suna, liman ya yi addu'a, unguwa duka ta shaida, amma babu layi ɗaya da aka rubuta a ko'ina.

Ita ma hukuma ba ta yi ɗokin rubuta su ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. A lissafa: an yi Burmi shekara biyar da rabi bayan wannan rana. Ke nan duk wanda ya biyo Mai Wurno, da duk wanda ya zo haƙar magudanan Jazira, doka ta bar shi a waje tun daga layin farko. Dokar 1994 ta sassauta, ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, ranar samun 'yancin kai. A rubuce, wannan ya shigar da kusan kowa. A gaban teburin jami'i kuwa, mai neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, sai ya kawo shaida daga dangin uba wanda shi ma yake da tasa takardar, kuma wanda sunansa ko lafazinsa ya nuna mutumin yamma ne bincikensa ya fi na kowa tsawo. Idan uba bai samu ba, baffa bai samu ba, wa zai tsaya wa yaron? Tun 2011 kuma aka shigo da lambar ɗan ƙasa, rakam watani, wadda sai da ita ake zama jarrabawar gama sakandare, ake samun fasfo, ake kama aikin gwamnati. Yaro ya yi ƙoƙari shekara da shekaru a aji, ya zo bakin jarrabawa, sai laifin da ba nasa ba ya tare shi.

Wannan cuta ba a Sudan kaɗai take ba. Nubawan da Ingila ta kwasa daga Sudan a matsayin sojoji ta zaunar a Kibera ta Nairobi sun yi shekara ɗari 'ya'yansu suna fuskantar tambaya iri ɗaya daga hukumomin Kenya. A 2011 kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara ya yanke hukunci cewa Kenya ta saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta kare yara, domin barin yaro ya jira har ya shekara 18 kafin a san ko ɗan ƙasa ne zalunci ne a kansa. Jikokin Sudan a Kenya da jikokin Sakkwato a Sudan, ciwonsu ɗaya.

Doka mai kyau, magudana mai tsutsa

Idan takarda za a bi, Sudan ba ta baya. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, cikin ƙasashen farko. Ta kafa majalisar ƙasa ta kula da yara a 1991. Daga 2007 'yan sanda suka fara buɗe sassa na musamman don kare iyali da yara. Dokar Yara ta 2010 ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika 18 ba, ba a tuhumar wanda bai kai 12 ba da laifi, rajistar haihuwa haƙƙinsa ce, ba a sa shi aikin soja, ba a kuma ɗaukar wanda bai kai 14 ba aiki. Amma a wannan na ƙarshe dokar ta bar taga: ta cire noma da kiwo, muddin ba masu haɗari ba ne. Ta wannan taga aka fitar da yawancin yaran da nake magana a kansu.

A gandun Jazira, mai faɗin fadan (ma'aunin gona na can) miliyan biyu da ɗoriya idan an haɗa da Manakil, mutane iri biyu ne. Akwai mai hawasha, wato wanda aka yanka wa gona da sunansa, yana zaune a ƙauye mai makaranta da asibitin sha-ka-tafi da famfo. Akwai kuma ɗan ƙwadago, wanda ke zaune a kambo, jam'insa kanabi, bukkoki a bakin magudana a kan ƙasar da ba tasa ba. Mazauna kanabi yawancinsu mutanen Darfur ne da jikokin mutanen Afirka ta Yamma, kuma ƙungiyarsu tana ƙirga irin waɗannan matsugunai sama da dubu biyu. Da yake hukuma ba ta ɗauke su ƙauyuka na dindindin ba, ko da sun shekara sittin a wurin, ba a cika gina musu makaranta ko haƙa musu rijiya ba. Ruwan magudana shi ne na sha, shi ne na wanka, shi ne na wanki, shi ne kuma wurin wasan yara da rana.

A cikin wannan ruwa mai tafiya a hankali dodon-koɗi ke hayayyafa, shi ne kuma ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaro ya shiga iyo ko ya tsaya cikin ƙaramar magudanar da ake kira abu ishirin yana buɗe wa gona ruwa, tsutsar ta huda fata ta shiga jini, bayan watanni a ga ciki ya kumbura, ko fitsari ya koma ja, jini ya ragu, karatu ya gagara. Cutar ta yi yawa har Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Sudan suka kafa shiri na shekara goma tun daga 1979 don yaƙi da ita da zazzaɓin cizon sauro a yankin. An samu sauƙi lokacin da kuɗi ke shigowa, da shirin ya ƙare cutar ta dawo. Lokacin cirar auduga kuwa, daga sanyin hunturu zuwa farkon bazara, ana biya ne da nauyin abin da aka tara, saboda haka kowane hannu a gida kuɗi ne, har na ɗan shekara bakwai. Gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari ce yake ratsawa da ƙafa ba takalmi. Ko wannan yana cikin aikin da doka ta kira mai haɗari, babu jami'in da ke zuwa kambo ya duba.

Namu laifin

Laifi tudu ne, kuma ba zan taka namu in hango na hukuma kaɗai ba. A cikin gidajen Hausawa na Sudan, kamar na Kano da Maraɗi, matan aure suna kulle suna sana'a, yarinya ce ƙafarsu. Ita ke ɗaukar gyaɗa da ƙosai da abin sha ta bi tasha da kasuwa da bakin gona. Uwa ba mugunta take yi ba, da wannan ciniki ake tara kayan ɗaki, da shi ake cike giɓin cefane. Amma 'yar shekara tara da ke yawo tsakanin direbobi da 'yan dako har magariba tana cikin haɗarin da kowa ya sani, ba a dai son faɗa. Idan abin ya faru, sai a rufe don kunya, a gaggauta aure.

Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar wa alƙali damar amincewa da auren yarinyar da ta kai shekara goma. Binciken 2014 ɗin nan ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na matan Sudan an aurar da su kafin su cika 18. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta haramta kaciyar mata a Yulin 2020, abin a yaba, amma ba ta kai ga gyara shekarun aure ba kafin sojoji su kifar da ita. A nan ma takarda tana da aiki. Yarinyar da ba a san ranar haihuwarta ba, shekarunta su ne abin da waliyyinta ya ce. Idan ya ce ta isa, wa ke da hujjar musu?

Sai makarantar allo, wadda a Sudan ake kira halwa. Ita ce ta riƙe Alƙur'ani a waɗannan ƙauyuka tun zamanin Mai Wurno, ita ce ke ciyar da yaron da gwamnati ba ta san da shi ba, kuma malamai da yawa sun ƙarar da rayuwarsu a kanta ba albashi. Saboda wannan daraja ne ya kamata mu fi kowa fushi da abin da ake yi a wasu da sunanta. A Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken ɗan jarida Fatahur Rahman al-Hamdani, wanda shi ma tsohon ɗalibin halwa ne. Ya yi wata 18 yana shiga makarantu 23 a asirce, cikin kusan 30,000 da ke ƙasar, ya ɗauko yara da mari a ƙafa, da bayan da bulala ta farfasa. Shekara guda kafin nan, a Satumbar 2019, 'yan sanda a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, da yawansu yara, daga wani gida da ake kira makaranta, wasu da sarƙa. Tsakanin Kaduna da Hartum tafiyar dubban kilomita ce, amma kalmar da uba ke faɗa wa malam ran da ya miƙa ɗansa kusan ɗaya ce: na ba ka amana, ka hore shi yadda ka ga dama. Amana kuwa tana da iyaka a shari'a, kuma uban da ya shekara bai leƙa ya ga bayan ɗansa ba shi ma za a tambaye shi.

Gudu biyu cikin shekara biyu

A Yulin 2022 tambayar nan ta kai ɗan ina ne ta koma wuta. Hausawan jihar Shuɗin Nilu sun nemi a ba su sarauta tasu a cikin tsarin sarakunan gargajiya da gwamnati ta amince da shi. Shugabannin wasu ƙabilun yankin, Funj da Hamaj da Barta, suka ƙi, domin a al'adar Sudan sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, su kuma suna ganin Bahaushe baƙo ne. 'Yan siyasa suka hura. Kisan wani manomi a yankin Gaisan ya zama ashana, cikin kwanaki faɗa ya kai Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, aka kashe mutane sama da 100. Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Wad Madani da Bur Sudan. A Oktoba abin ya dawo fiye da na farko a Wad al-Mahi, a garuruwan nan da aka gina wa waɗanda ƙarin tsayin madatsar Rusairis ya tasa, aka raɗa musu lambobi a madadin suna. Cikin kwana biyu aka rasa rayuka sama da 200. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba ta ce mutum 359 ne suka mutu, sama da 97,000 suka bar gidajensu.

Kowane ɓangare ya binne nasa, kuma 'ya'yan Hamaj da Barta su ma sun kwana a ƙasan azuzuwan Damazin, babban birnin jihar, da aka mayar sansani. Hausawa da yawa kuwa suka bi kogi zuwa arewa, wajen dangi a jihar Sinnar, su Mai Wurno da Suki da Sinja, wasu suka zarce Jazira da Farin Nilu. Wanda gidansa ya ƙone, 'yar takardar da yake da ita ta ƙone tare da shi. A Janairun 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin. Wata uku bayan haka, ran 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda mutanen ƙasar ke kira Da'am Sari.

Mu ɗauki yaron da aka haifa a wani ƙauyen Rusairis a 2014, mu bi shekarun karatunsa. Ya kai shida a 2020, shekarar da korona ta rufe makarantu tun Maris, ambaliyar Satumba kuma ta cinye gidaje a gaɓar kogin har aka kafa dokar ta-ɓaci. A Oktoban 2021 sojoji suka yi juyin mulki, karatu ya yi ta yankewa. A 2022 ya gudu zuwa Suki. Ƙarshen shekarar malamai suka shiga yajin aiki. A 2023 aka rufe makarantun ƙasar baki ɗaya. UNICEF ta ce a 2024, cikin yara miliyan 19 da suka isa makaranta a Sudan, miliyan 17 ba sa zuwa. Wannan yaro ya shekara goma bai taɓa yin shekarar karatu ɗaya cikakkiya ba, kuma gudunsa na biyu yana gaba.

A Disambar 2023 RSF ta kama Wad Madani. Jariran gidan marayu na Maigoma, waɗanda aka kwaso kusan 300 daga Hartum zuwa Wad Madani a Yunin shekarar bayan sama da 70 sun mutu da yunwa da zazzaɓi, aka sake ɗaukar da yawansu, cikin yara 253 da aka kwashe daga garin, aka yi gabas da su. Ran 5 ga Yunin 2024 RSF ta afka wa ƙauyen Wad an-Nura a Jazira, aka kashe mutane sama da 100, UNICEF ta ce aƙalla 35 yara ne. Ƙarshen watan RSF ta kama Jabal Moya, ran 29 ta shiga Sinja, babban birnin jihar Sinnar. Cikin kwana goma mutane sama da 136,000 suka watse, da yawa da ƙafa, cikin damina, ta ƙasar laka mai kama ƙafa, suna neman haye kogin Dindir zuwa Gadarif. A ƙarshen Yuli Suki ta faɗi. A tsakiyar Agusta aka kashe kimanin mutum 80 a ƙauyen Jalkani na jihar, a daidai lokacin da aka tabbatar da ɓarkewar kwalara a ƙasar.

A irin wannan gudu ne ake rabuwa da yara. Mota ta cika ta tashi da uwa, ɗa yana ƙasa. Harbi ya tashi kowa ya yi ta kansa. Kwanakin da suka biyo bayan faɗuwar Sinja, shafukan Facebook na 'yan Sudan sun cika da hotunan yaran da ake cigiya. Masu aikin haɗa yaro da danginsa suna farawa ne da cikakken suna da shekaru da sunan gari. Ƙaramin yaron da Hausa kaɗai yake ji sosai, wanda sunan da ya sani na uwarsa shi ne Inna, wanda ƙauyensu ba ya kan taswira, ba shi da lamba a ko'ina, nemansa ya fi na kowa wuya. Abin da ke samun yaran da suka faɗa hannun masu bindiga kuwa, UNICEF ta ba da ɗan haske a Maris na 2025: an kai rahoton fyaɗe 221 a kan yara tun farkon 2024, kashi ɗaya cikin uku maza, 16 ba su kai shekara biyar ba, huɗu 'yan shekara ɗaya ne. Waɗanda aka iya kaiwa asibiti ke nan. Tun Yunin 2024 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa ɓangarorin biyu cikin jerin masu keta haƙƙin yara a fagen yaƙi, ya kuma ambaci RSF da ɗaukar yara aikin soja. Yaro ɗan 15 da ya yi tsawo, ba shi da takardar da za ta ce shi yaro ne, wanda ya miƙa masa bindiga zai ce ai ya balaga.

Bayan dawowa

Sojoji sun karɓe Jabal Moya a farkon Oktoban 2024, Dindir da Suki a ƙarshen watan, Sinja ran 23 ga Nuwamba, Wad Madani ran 11 ga Janairun 2025. Mutane suka yi murna, da gaskiyarsu, suka fara komawa gidajen da aka wawushe. Amma da nasarar sai wata kalma ta bazu, muta'awin, wato wanda ya haɗa kai da abokan gaba, kuma ta fi sauka a kan waɗanda dama ake yi wa kallon baƙi. Ran 10 ga Janairun 2025 mayaƙan da ke mara wa sojoji baya suka afka wa Kambo Tayba a gabashin Jazira, matsugunin 'yan ƙwadago 'yan asalin yammacin Sudan. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe, har da yaro. Rundunar soja ta yi tir da abin, aka ce an kafa kwamitin bincike. A shingayen hanya kuma aka shiga abin da jama'a ke kira dokar baƙuwar fuska: a tsayar da mutum saboda kamanninsa ko lafazinsa, a ce ya nuna lambarsa. Saurayin da ba shi da ita, a irin wannan wuri, rashin takarda na iya zama rashin rai.

Waɗanda suka riƙe yara a waɗannan shekaru mutanen unguwa ne. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da matan da ke dafa tukunyar takiyya, inda kowa ke zuwa da kwanonsa, ba su tambayi kowa jinsiyya ba kafin su zuba masa. Ɗa na kowa ne, kuma sun nuna haka a aikace lokacin da ofisoshi ke kulle. Abin da nake so in gani shi ne wannan hali ya shiga ofis idan an buɗe. Jami'an rajista su ɗauki littafinsu su bi ƙauyuka da kanabi, su rubuta kowane yaro kyauta, ba tare da an ce sai uba ya fara tabbatar da kakansa ba, domin Dokar 2010 yaro ta ba haƙƙin rajista, ba ta ce sai ɗan wane ba. A karɓi shaidar liman da ungozoma da mai unguwa a inda takardu suka ƙone. A bar yaro ya zauna jarrabawa yayin da ake bin maganar lambarsa.

Akwai kuma abin da ba sai an jira gwamnati ba. Babu jaririn Bahaushe da ke wuce kwana bakwai ba a tara jama'a an raɗa masa suna ba, ko a sansanin gudun hijira ne, ko da dabino kaɗai. Limamin da ya yi addu'ar ya iya rubutu. Littafi guda a kowane masallaci, daga Mai Wurno zuwa Suki zuwa Rusairis, a rubuta sunan jariri da na uwa da na uba da rana da wata da shekara, a ajiye kwafi a gidan sarki, wani a ɗauki hotonsa a waya. Masarautar Mai Wurno da shugabannin Hausawa na jihohin nan suna da girman da za su sa a yi haka cikin wata guda, su kuma matsa wa hukuma ta amince da shi a matsayin shaida. Malaman halwa su ma su rubuta kowane almajiri da garinsu da ranar da uban ya zo duba shi na ƙarshe.

An haifi yara a Suki da ƙauyukanta tsakanin Yuli da Oktoban 2024, watannin da babu asibiti mai aiki sosai, babu ofis a buɗe. An haifi wasu a hanyar Dindir, wasu a azuzuwan Gadarif. A 2030 za su isa shiga aji ɗaya. Iyayensu mata har yanzu suna riƙe da ranar a ka: daren da aka yi ruwa mai yawa, kwana uku bayan an shigo gari, Juma'ar da ta biyo Mauludi. Idan aka je aka tambaye su tun yanzu, za su faɗa, a lissafa a rubuta. Idan aka bari sai shekara shida ta cika, likita ne zai buɗe bakin yaron ya dubi haƙoransa, magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu.